Rufin da Fulcran Ya Yi wa Zélie Alkawari

A Montbrézac, idan ruwan sama ya tsuge ka ga mutum ya iso tsakiyar fili ya naɗe laimarsa, ya karkaɗe hula, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sami mafaka, to ba zautuwa ya yi ba. Baranda ya shigo. Baƙi ne kawai ke tsayawa suna kallo baki sake, su kuwa baƙi ba sa rasa abin da zai ba su mamaki.

Barandar ta sufaye ce, mazan nan na coci da suka bar aure da duniya suka killace kansu a bayan garinmu tun zamanin da ba wanda ya san sunan kakansa na lokacin. Sun gina ta kusurwa huɗu, ta zagaye wani ɗan lambu, ginshiƙai bibbiyu na jan dutse suna ɗauke da rufi, a kan kowanne an sassaƙa zakuna da ganyaye da wasu mutane masu fuska kamar an taka musu ƙafa. A nan suke zagayawa suna addu'a, ba mai cewa uffan. Da aka yi babban juyin nan da ya ci sarauta ya haɗa da coci, sai aka kori sufayen, wani magini ya sayi gidan ya riƙa sayar da shi dutse-dutse. Wannan ya ɗauki ginshiƙi ya tokare rumbunsa, wancan ya ɗauki zaki ya kife shi ya mai da shi turmin dakan tafarnuwa. Abin da ya rage wani dillali ya kwashe a amalanke, aka ce ya haye teku da shi. Ko tsakuwa ba a bari ba.

Sai dai mutanenmu ba su ga dalilin da zai sa rashin duwatsu ya hana Baranda zama Baranda ba. Filin yana nan a bayan coci, kowa kuma ya san ƙa'idarsa. Ta ƙofa ake shiga, ƙofar tana daidai gindin ɓaure. Ba a ratsa bango, ba a ɗaga murya, ba a buɗe laima a ƙarƙashin rufi, don wannan aikin marasa tarbiyya ne. Mata biyu za su taho suna zagin juna tun daga bakin rijiya, da sun iso gindin ɓaure sai su yi tsit, su zagaya a natse, su fita su ɗora daga inda suka tsaya. Har karnukan garin ta ƙofa suke shiga.

Wuri irin wannan dole ya sami mai shara, sharar kuwa gadon gidan Bouzigues ce. Ladan aikin sabuwar tsintsiya ce duk bikin Ista, da ɗan duron ruwan inabi bayan girbi, da wata alfarma da ba kowa ke da ita ba: mai shara da iyalinsa a gefen arewa na Baranda ake binne su, a ƙarƙashin rufi, ba a maƙabartar gari ba inda ruwa ke dukan kowa.

A wannan gida aka haifi Fulcran. Ubansa Numa bai yarda da koyarwa da baki ba. Duk sanda yaron ya bi ta inda ginshiƙi yake, sai ya ji sandar tsintsiya a goshi, daidai wurin da dutsen zai buge shi da yana nan, ubansa kuma yana cewa a cikin raɗa, don a Baranda suke, wai shi ba shi da ido ne? Kafin ya fara gemu Fulcran ya san mazaunin kowane ginshiƙi da goshinsa. Idan wani ya ce masa babu ginshiƙai, sai ya ɗaga gashinsa ya nuna tabo, ba kuma wanda ya taɓa samun amsar wannan hujja.

An ɗauke shi soja a babban yaƙin farko, ya yi shekaru a cikin rami da taɓo. Ya dawo da tari da rashin son magana. Da aka tambaye shi abin da ya fi muni a can, sai ya ce wurin ba rufi. Numa ya mutu a bayansa, saboda haka washegarin dawowarsa ya ɗauki tsintsiya. Yakan fara daga gabas, ya share daɓen da babu, ya ɗaga tsintsiya sama ya kaɗe yanar gizo daga kusurwoyin rufin da babu, ya goge fuskokin zakuna da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake ko guda. Mai son yin dariya ya yi. Ni dai na ga masu share ɗakuna na gaske da ba su kai shi tsafta ba.

Zélie ba 'yar garinmu ba ce, daga gangare take, wajen teku. A kasuwa ya gan ta tana sayar da cukun akuya, tana yi wa wani mai taya kaya wankin babban bargo, ya tsaya yana sauraro har aka tashi kasuwa. Ubanta mai gasa tubalin rufi ne, irin mutanen nan da ke sayar da duk mai kyau su rufa gidansu da fasassun. Ta taso tana kwana tsakanin tukwane da kwanonin taren ruwa, ta tsani ɗiga fiye da yadda ta tsani shaiɗan. Da Fulcran ya zo neman aurenta, tambaya ɗaya ta yi masa, ko gidansa yana yoyo. Ya ce ba ya yi, ya ƙara da cewa har wurin aikinsa rufin dutse ne. Ta ce to.

Lahadin farko da aka yi ruwa bayan bikinsu, suna dawowa daga coci, jama'a suka shiga ta gindin ɓaure suka naɗe laimominsu. Amarya ta dubi sama, ta dubi mutane, ta dubi mijinta, ta ci gaba da tafiya da tata a buɗe, ta kuma ratsa ta cikin ginshiƙai biyu ko gezau ba ta yi ba. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. An yi wata guda ba a sayi cukunta ba.

Daga nan suka fara gardamar da ta riƙe aurensu har ƙarshe. Zai shigo gida ruwa na tsiyaya daga gashin bakinsa, ta tare shi a bakin ƙofa da tsumma.

"Ka jiƙe, mai gida."

"Gumi ne."

"Gumin naka yau har da ƙanƙara a aljihu? Tuɓe, sarkin taurin kai, kafin ka mutu ka bar ni da tsintsiya."

Sai ta shanya rigarsa a gaban murhu, ta zuba masa miyar albasa da gutsuren burodi a ciki, tana mita yana ci. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka mai da wannan gardama ɗansu, suna renonta safe da yamma. Yana son matar nan so mai tsanani, ko da yake da za a ɗora masa wuƙa a wuya ba zai iya faɗin haka ba.

A yaƙi na biyu sojojin mamaya suka zo suka ajiye babbar motarsu a filin, ƙafafunta na gaba a cikin lambu, na baya a kan bangon gabas. Fulcran ya je da tsintsiyarsa ya tsaya a gaban direban, ya yi masa bayani a cikin raɗa cewa ya hau gini, kuma in zai fita ya bi ta ƙofa. Direban ya dubi ƙofar da ake nuna masa, ya ga ɓaure. Suka kulle Fulcran a ɗakin ajiyar makaranta. Zélie ta zo da tukunyar miya, ta tarar da hafsan sojojin yana dariya yana cewa ta bakin tafinta ai mijinta mahaukaci ne, babu wani gini a wurin. Ta dire tukunyar a kan teburinsa.

"Ni kaɗai ke da ikon cewa babu shi," in ji ta. "Ni ke shanya masa riga. Kai kuma kawar da motarka daga kan bangon mutane."

Ba a san abin da tafinta ya fassara ba, amma da yamma an saki Fulcran, motar kuma ta koma bakin kasuwa. A hanyar gida ta ce masa sakarai ne, ya ce ya ji.

Bayan yaƙin da wasu shekaru ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Da ta ga abin ba na tashi ba ne, wata safiya ta kira shi ta ce ya zauna, ya kuma ajiye tsintsiyar nan a waje.

"Abu ɗaya nake so. Na gaji da ɗiga tun ina yarinya. Duk inda za ka sa ni, ya zama akwai rufi."

Ya ce ai wannan ba sai ta roƙa ba, haƙƙinta ne.

"Fulcran. Rufi nake cewa."

"Rufin dutse, Zélie. Babu kamarsa a duk ƙasar nan. Na yi miki alkawari."

Ta daɗe tana kallonsa, sai dariya ta kama ta, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ta ce to, ta yarda da shi sau ɗaya, ya yi hankali da wannan ɗayan. Kwana kaɗan bayan haka ta rasu. Ya binne ta a gefen arewa, ya zaɓa mata ɓangaren lambu don tana son hasken rana, ya bar wa kansa wurin da ke jikin bango, mai duhu da sanyi. A ganinsa ya ba ta mafi kyau. Duk ranar da aka yi ruwa sai ya je ya tsaya a kanta, ruwa na zuba ta wuyan rigarsa, ya ce mata a hankali ta gani ko, ko ɗigo babu. Wannan ne kaɗai abin da ke sanyaya masa rai, don gidan ya yi masa faɗi, ba kuma mai ce masa sakarai.

Haka aka tafi har gashinsa ya yi fari fat. Sai gwamnati ta tuna da mu, abin da ba ya zama alheri. Aka ce za a tattaro duwatsun a sake tayar da Baranda, inda aka rasa a cike da sabon sassaƙa. Magajin gari, Mushe Pégurier, wato Malam Pégurier, mutum mai tumbi da son jawabi, ya bi gida-gida yana karɓo ginshiƙai. Aka zare wanda ya tokare rumbu, rumbun ya zauna. Aka kawo zakin nan na turmi, ya cika dandali da warin tafarnuwa. Aka kuma turo wata mata mai suna Madam Vialar, doguwa mai takalmin maza, wadda aikinta tonon ƙasa ne don gano inda tsofaffin gine-gine suka tsaya.

Ranar da ta iso Fulcran ya sa kwat ɗin aurensa ya tarye ta a gindin ɓaure. Ta ratsa ta cikin ginshiƙi tana gaishe shi da murya sama, ya runtse ido ya yafe mata. Ta sa ma'aikatanta suka fara tono a tsakiyar lambu, shi kuwa yana tsaye yana jiran a fito da abin da ya san yana nan. Suka fito da baƙar ƙasa mai maiƙo. Suka fito da wani dogon komi na dutse. Suka fito da haƙora da muƙamuƙai kwando-kwando, Madam Vialar ta jujjuya ɗaya a hannu ta mayar da shi kwando. Bayan mako biyu ta kwashe mutanenta ta tsallaka titi, ta shiga tono a ƙarƙashin tsohon siton ruwan inabi, a can kuwa harsashin Baranda ya fito ɗoɗar, kusurwa huɗu, da mazaunin kowane ginshiƙi.

A makaranta ta tara gari ta yi bayani, ba ta kuma yi shi da mugunta ba. Barandar sufaye tana ƙarƙashin sito, maginin da ya sayi gidan ne ya ɗora sitonsa a kai. Filin bayan coci garken aladun sufayen ne. Shi ma kusurwa huɗu ne, shi ma da katanga, ƙofarsa kuma lallai a gindin ɓaure take. Wani tsoho a baya ya tuna cewa kakarsa takan ce Bouzigues na farko yaron sufaye ne, amma ba ta taɓa faɗin aikin da yake yi musu ba. Daga nan kowa ya haɗa sauran da kansa. An kori sufaye, an cinye aladu, bawan Allah ya ci gaba da share inda ya saba sharewa, da yara suka tambaye shi sai ya ce wurin sufaye ne. Bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa zancen ba.

Abin da ya biyo baya har yau yana ba ni haushi. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna naɗe laima a filin nan, kafin a fita daga makaranta kowannensu ya ce shi dama ya daɗe yana zargi. Matar mahauci ta ce ita tun tana yarinya take jin wari-wari a wurin. Washegari samari suka ratsa filin a kan keke, ta tsakiya, suna ihu. Idan Fulcran ya wuce ta gaban shagon kofi sai 'yan zaman banza su fara gurnani ta hanci, wani ya ɗaga kofi ya ce a gaishe da sarkin aladu, yaya talakawa? Shi kuwa ko waiwaye ba ya yi. Suna tsammani kunyar aladu ce ta rufe masa baki. Ba su san mutumin ba. Alade dabba ce mai amfani, ubansa ma ya yi kiwo, da a ce wannan ne kawai da ya ci gaba da sharar.

Ruwan farko da aka yi bayan taron, ya je ya tsaya a kan kabarin Zélie kamar kullum. Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba faɗi, sai ya ji sanyi a wuya. Ya ji shi yana gangarawa ta gadon baya, ya ji takalmansa sun cika, ya ji gashinsa ya manne a kai. A iya saninsa, tun da aka haife shi ruwa bai taɓa jiƙa shi a wurin nan ba sai ranar. Ya dubi ƙasar kabarin ta zama taɓo. Tsoro ya kama shi, da baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar da ta mutu. Sau ɗaya ta yarda da shi, shi kuma ya kwantar da ita a fili tsawon shekaru, yana ma zuwa yana yi mata gori.

Bai koma gida ba, ya wuce siton a jiƙe. Ya tarar da Madam Vialar tana auna wani dutse, ya cire hula.

"Madam, aladun nan. A fili suke kwana?"

Ta ce ba ta sani ba, Baba, ba kuma aikin da aka turo ta ke nan ba. Gwamnati Baranda take so, ba ta da sha'awar sanin inda alade ya kwana. Ya ce shi yana da ita. Ta ba shi haƙuri, ta koma kan dutsenta.

Washegari ya dawo da cuku a ganye, ya sake tambaya. Rana ta uku ya zo da zaitun. Ta ci cukun, ta ci zaitun, amsar ba ta canja ba. Da ya ga haka sai ya ɗauki fartanyar lambu ya tafi gefen arewa, can nesa da kaburburan, ya fara sara da kansa, yana watsa ƙasa ko ta ina, duk abin da ya fito ya jefar ta bayan kafaɗa. Madam Vialar tana hango shi daga tsallaken titi. Ta jure safiya guda. Mace ce da za ta iya kallon mutum yana kuka ba ta motsa ba, amma ba za ta iya kallon mutum yana tono ba bisa ƙa'ida ba. Da azahar ta tsallako ta fizge fartanyar, ta ce wannan ba tono ba ne, kisan kai ne, ta durƙusa da ɗan cokalinta da burushi.

Ta yi kwanaki tana zuwa bayan ta tashi daga nata aikin, Fulcran yana zaune a gefe ya haɗa hannu, ba ya iya cin abinci. A jikin tushen katangar arewa ta samo mazaunin turaku a jere, na dutse, masu kauri. Ta samo fasassun falalen rufi, ta ɗaga ɗaya da ƙyar, ta ce ya fi na Barandar kanta kauri, da alama sufayen sun fi tausayin aladunsu a kan kansu. Akwai rufi. Gajere ne, bai wuce ƙugun mutum ba, amma ya bi katangar arewa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Fulcran ya sa fuska a cikin hula ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya tambaye ta ko rufin yana yoyo, ta ce dutse irin wannan ba ya yoyo. Har ya miƙe zai je ya kai wa Zélie labari, sai ya ga matar ba ta tashi ba, tana share wani abu da burushi. A gaban turakun akwai shimfiɗar duwatsu, a kansu kuma wani siririn kwari miƙaƙƙe, wanda ruwan da ke zubowa daga bakin rufi ya ci a hankali tsawon zamanai. Nan rufin ya ƙare. Ta ɗaure zare a ƙusa ta ja shi bisa kwarin, ta yi ta ja har inda kaburbura suke. Zaren ya bi ta tsakiyar kabarin Zélie, daga kai har ƙafa. Wurin da Fulcran ya ajiye wa kansa a jikin bango yana ciki sarai, a bushe.

Ba a fili kawai ya sa ta ba ashe. A bakin indararo ya sa ta, inda ruwan rufin gaba ɗaya ke taruwa ya zuba, shi kuma ya riƙe busasshen wurin. Madam Vialar ta ce masa, a hankali, ai rufin ya fi shekara ɗari da rushewa, Baba. Ya dube ta kamar ta yi maganar yara, ya ce to sai me?

Ya tafi wurin magajin gari ya ce a tone matarsa a matsar da ita ciki. Mushe Pégurier ya riƙe tumbi ya ce shi yanzu baƙi yake jira daga birni su zo ganin Baranda, ba zai so su tarar ana tonon gawa a garken aladu ba. Ya yi tayin a mai da duk mamatan gidan Bouzigues maƙabartar gari, a yi musu ɗan ɗaki mai kyau. Fulcran ya ce ba abin da ya yi mata alkawari ke nan ba, ya zauna a kujerar ofishin, ya kuma ci gaba da zama kullum daga buɗewa har rufewa, yana kallon magajin gari yana cin abincin rana. Ba a yi nisa ba Mushe Pégurier ya ce a je a tambayi Fada, limamin coci, in ya yarda shi ma ya yarda.

Fada Marcelin tsoho ne mai son zaman lafiya. Ya ce da shi, ɗana, me zai hana mu kira kafinta ya kafa mata rumfa ta gaske a inda take, kowa ya huta?

"Rumfa a bakin indararo, Fada? Kwana nawa za ta yi? Kuma rufin da mutum ya kafa yau, gobe yoyo yake yi. Ubanta mai tubali ne, ta fi kowa sani. Wancan tsohon rufin kuwa ba abin da zai ƙara fasa shi."

Fada ya ba da izini. Ya yi karatu mai zurfi a kan abubuwan da ba a gani, ya kuma san ba shi ne zai fara musu a kansu ba.

Ranar da aka matsar da ita, masu haƙa biyu suka zo da dogayen shebur, Fulcran ya tare su ya ce a ina za su ɗaga waɗannan, rufin a ƙugu yake? Suka dubi juna, suka dubi Fada, Fada ya dubi takalminsa. A durƙushe suka yi haƙan, da gajerun fartanyu, suna tsine wa sufaye da aladunsu a cikin ciki. Ɗayansu ya manta ya miƙe tsaye, sai ya ji sandar tsintsiya a tsakar ka. 'Yan shagon kofi sun zo kallo don su yi dariya, amma da aka ciro akwatin, baƙi ƙirin da danshi, aka ja shi a hankali zuwa jikin bango, tsohon yana rarrafe a gefensa ya dafa murfin da hannu ɗaya, ba wanda ya yi gurnani. Matar mahauci, mai jin wari, ta matso ta ajiye fure, na kuma gan ta da idona ta sunkuyar da kai kafin ta miƙa hannu ciki.

An buɗe sabuwar Baranda da bazara, da jawabi da 'yan busa. Kyakkyawa ce, ba zan yi ƙarya ba. Aka yi wa Fulcran tayin ya zama mai shararta, ya je ya zagaya sau ɗaya, ya ce ginshiƙan ba a wurinsu suke ba, ya fito. Ya ci gaba da zuwa bayan coci. Gwiwoyinsa sun riga sun lalace, shiga wurin Zélie kan ɗauke shi lokaci mai tsawo, ya ajiye sanda, ya sauka a kan hannu, ya cusa kai, ya ja sauran jikin. A ciki yakan zauna a takure, ya ba ta labarin gari.

Da kaka ta shigo tarinsa na soja ya dawo da ƙarfi, Fada Marcelin ya je duba shi. Ya zauna a bakin gado ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fito da abin da ke ransa. Wurin da ke jikin bango na mutum ɗaya ne, an kuma ba Zélie. Ragowar wurin binnewa a gefen arewa duk kakanninsa sun cika shi. Ba abin da ya rage sai ramin da aka ciro ta, shi kuwa Fulcran ya fi kowa sanin abin da ke zuba a wurin. Ko zai yarda a kai shi maƙabarta?

"Ita a can, ni a can?" in ji Fulcran. "A'a, Fada. Tun da aka haife ni ruwa ke dukana, kwanan nan ne na sami labari. Ita kuwa tun ranar farko ta sani. A bar ta ta huta."

Ya rasu kafin sanyi ya kankama. Masu ɗaukar akwatinsa a tsaye suka kawo shi, a tsaye suka saukar da shi, don wurinsa a waje yake. Tsakaninsa da Zélie bai fi a miƙa hannu ba, ita a ciki, shi a bakin rufi.